Ƙwai a Kunne da Rana Tsaka: Tafiyata Baturiya

Wanda ya daɗe bai bi titin Kano zuwa Haɗejiya ba zai ga baƙon abu tun kafin ya kai Gujungu. A saman shagon mai cajin waya, a kan rumfar mai shayi, a bakin rijiyar burtsatse, har tsakiyar gonar albasa, sai ka hango farantan sola suna ƙyalli, wasu a kafe kan ƙarfe, wasu an jingina su da bulo kawai. Direbanmu ya ce abin ya yawaita ne tun da aka janye tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, manoman rani suka ga injin ban-ruwa zai cinye riba ya haɗa da uwar kuɗi. Hunturu ne, hazo ya dushe sararin sama har kana iya kallon rana ido da ido. Ni kallon tsuntsaye na fito. Wani abokin karatuna, ɗan wani ƙauye da ke gefen Baturiya, ya daɗe yana yi mini tayi, da ya ji zan taho kuwa sai ya ɗora mini saƙo: in tsaya Haɗejiya in sayo wa gidansu batirin sola, nasu ya mutu.

A Haɗejiya ban yi yawo ba. Na wuce ta wajen masu bandar kifi, inda ƙamshin tarwaɗa ke tarar mutum tun daga nesa, na leƙa masu busasshen kwaɗo da ake loda wa motocin kudu, sannan aka nuna mini shagon kayan sola. Mai shagon matashi ne, da abin gwajin batir a rataye a wuya. Da na faɗa masa abin da nake so, bai miƙo kaya ba, sai tambaya.

"Alhaji, wanda ya mutun wane iri ne? Na mota ne ko na sola?"

Na buga waya na tambaya, aka ce na mota ne, an sayo shi hannu na biyu.

"To, ai araha ba ta ado," in ji shi. "Faranti ɗan ga-ruwa ne, batir kuma randa. Kowa ɗan ga-ruwan yake yabo, ba mai duba ko randar ta tsage."

Ya yi mini bayanin da na ga ya kamata a rubuta a bangon kowane shagon sola. Batirin mota an yi shi ne don ya ba da wuta mai ƙarfi ta daƙiƙa biyu ko uku ya tada inji, nan take kuma injin ya mayar masa. Ba a yi shi don a tsotse shi dare guda ba. Ko batirin dalma da aka yi don sola, in ana zuƙe shi ƙasa da rabi kullum, ko ana barinsa kwana da kwanaki bai cika ba, ba ya nisan kwana. Zafi ma maƙiyinsa ne. Na litiyam ya fi juriya nesa ba kusa ba, amma kuɗinsa ya fi ƙarfin yawancin manoma. Ga kuma masu haɗa faranti da batir kai tsaye, babu kwantirola a tsakani, rana ta dafa batirin, dare ya tsotse shi. Na sayi abin da kuɗin saƙo suka isa, aka ɗaure shi a bayan babur da robar taya.

Baturiya tana gabas da Haɗejiya, cikin ƙaramar hukumar Kirikasamma. Da ka bar gari ƙasa take sauya kama: jigawa ta miƙe, ta gangara fadama, fadama ta ba tafki hanya, goruba da bagaruwa da giyayya sun yi sahu a bakin ruwa. Kogin Kafin Hausa, wanda reshe ne na kogin Haɗejiya, shi ke cika waɗannan tafkuna idan ya yi ambaliya. A 2008 aka sa dausayin Baturiya, mai faɗin sama da hekta 100,000, cikin jerin dausayoyin duniya da yarjejeniyar Ramsar ke karewa. Amma mai babur ɗina ba wannan ne a ransa ba, kachalla ce. Ya nuna mini inda ta shaƙe hanyar ruwa, ciyawa ta fi mutum tsayi, ba jirgi ba taru. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwa ya daina zuwa da tafiya yadda ya saba, wasu magudanan suka daina bushewa da rani, kachalla ta sami wurin zama.

Mun isa ana kiran magariba. Abokina ya tare ni a zaure, na durƙusa na gaida mahaifinsa, wanda ni ma Baba nake ce masa, kafin a kawo ruwa yara sun kwance batir sun yi ciki da shi. Ba a jima ba gidan ya haska.

Abin da na fara lura da shi shi ne inda aka rataye ƙwan tsakar gida. Ba a bakin ƙofar kowa yake ba, yana can kan wata gwangwala kusa da turken awaki. Baba ya ce da farko a ƙofar ɗakinsa suka sa, daren farko ƙwarin fadama suka hana su cin tuwo. Wanda ke zaune a birni ba zai san yawan abin da fitila ke tarawa a bakin tafki ba. Farin ƙwai mai shuɗi-shuɗi ya fi jan ƙwari, mai ruwan ɗorawa bai kai shi ba, kuma na ga wasu gidajen sun gano haka da kansu ba tare da wani ya koya musu ba. Sauro kam ba ruwansa da fitila, numfashi da ɗumin jiki yake bi, don haka gidan sauro na nan a kowane ɗaki.

Hira ta kai mu zamanin aci-bal-bal, da fitilar ƙwai da ake goge gilashinta da toka, da kananzir da ake awo da murfin kwalba. Baba ya tuna yadda yara ke tashi da baƙin hanci, da gobarar ɗakunan ciyawa a irin wannan lokaci na iska. Makarantar allon unguwar da ake hura wa wutar kara kowane dare, yanzu ƙwai ɗaya ne a kan sanda, almajirai sun kewaye shi, ko da yake a sanyin nan ba su fasa hura wutar ba. Abu biyu ne suka kawo wannan sauyi, ba ɗayansu da aka ƙulla a Najeriya. Farashin farantin sola a duniya ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari tsakanin 2010 da 2020. Sannan ga ƙwan LED, wanda ya samo asali daga aikin wasu masana uku 'yan Japan, Akasaki da Amano da Nakamura, da aka ba kyautar Nobel a 2014: ƙwai mai wat 5 yana ba da hasken da tsohon ƙwai mai wat 40 ke bayarwa. Ba don shi ba, ƙaramin farantin da ke kan rufin Baba ba zai riƙe ko ɗaki biyu ba.

Jihar Jigawa, inda Baturiya take, ba baƙuwar sola ba ce. Tun farkon shekarun 2000, zamanin gwamna Saminu Turaki, wata ƙungiyar Amurka mai suna SELF ta haɗa kai da jihar aka sa sola a ƙauyuka irin su Wawan Rafi da Ahoto, a famfunan ruwa da asibiti da makaranta da masallaci. A watan Afrilu na 2021 kuma, a Jangefe ta ƙaramar hukumar Roni, mataimakin shugaban ƙasa na lokacin, Yemi Osinbajo, ya ƙaddamar da shirin Solar Power Naija, mai burin kai wa gidaje miliyan 5. Amma farantan da na gani a wannan unguwa, duk wanda na tambaya, kuɗin shinkafa ne ko na kifi ko na ɗan da ke aikin ƙarfi a Legas.

Da asuba muka fita tafki. Kirinjijiya garke-garke suna fito, ɗinya na can tsakiyar ruwa, zalɓe a tsaye bakin gaɓa, ga kuma ƙananan agwagi da 'yan tsuntsayen bakin ruwa da ke ƙetaro Sahara daga Turai su yi hunturu a nan. Wani masunci ya wuce mu a kife kan gora yana tura ruwa da hannu. Kallo ne da ya cancanci rubutu na kansa, amma abin da ya tsaya mini a rai yana gida.

Wajen azahar muka dawo, abokina ya ce in shigo in gaida mahaifiyarsa. Na fito daga rana mai ɗaukar ido na shiga ɗakin, sai da na tsaya ido ya washe kafin in ga inda zan tsuguna. Inna na zaune kan tabarma tana ɗinkin hula, ƙwai a kunne a saman kanta. Ɗakin ginin ƙasa ne mai rufin kwano, ba silin. Taga ɗaya ce, ba ta fi tafin hannu biyu ba, ita ma an cusa mata tsumma. Ga labule mai kauri a ƙofa, ga asabari a bayansa.

"Inna, fitila da rana tsaka?"

"To ɗan nan, in na kashe da me zan ga kafar allura? Waje kuwa iskar nan ba ta barin mutum."

Da na zaga gidan sai na tarar ba ɗakinta kaɗai ba. Ɗakin amarya ƙwai a kunne, ɗakin ajiyar shinkafa wani ya shiga da safe ya manta bai kashe ba. A nan na gane abin da ke kashe musu batir bayan kasancewarsa na mota. Lissafin ba shi da wuya. Faranti mai wat 50, a rana mai kyau, abin da zai tara bayan asarar waya da zafi bai wuce wat-awa 200 ba, a hazo kuwa, da ƙura kwance a kansa, ya ragu sosai. Ƙwai uku masu wat 5 na awa biyar da dare za su ci 75. Wannan ba matsala. Amma ƙwai biyu da aka bari daga hantsi zuwa la'asar sakaliya za su lashe kusan 80, a daidai lokacin da ya kamata wutar ta shiga batir, ga wayoyin gida da na maƙwabta jere a caji. Batirin ba ya cika, gobe ya tashi da bashin jiya, haka har ya mutu. Ana sayen rana da tsada a faranti, alhali ga ta kyauta tana dukan kwano tazarar kamu biyar da kan Inna.

Kada a ce magabata ba su san abin da suke yi ba. Ɗakin Bahaushe na gargajiya mafaka ce daga rana, ba wurin wuni ba. Katanga mai kauri da ƙaramar taga can sama su ke hana zafin bazara shiga, su tare ƙurar hunturu, su rage sauro, su rufe iyali daga idon mai wucewa da hannun ɓarawo. Aiki a tsakar gida ake yi, ƙarƙashin rumfa ko inuwar darbejiya. Abin da ya sauya shi ne zaman ɗaki: ɗinki, aikin makarantar boko, keken saƙa, sana'ar hannu ta matan da ba sa fita. Rufi ya koma kwano, amma tagar ta tsaya inda kakanni suka bar ta.

Na yi wa abokina zancen farin kwanon roba, irin wanda ake sakawa a rufin kasuwanni da rumbunan ajiya don haske ya sauko. Ya yi dariya ya ce in zo in ga wani abu. Ya kai ni shagon wani mai injin casar shinkafa, wanda ya sa irin kwanon falle biyu cif a rufi. Haske kam ba a magana, kana iya tsince tsakuwa daga shinkafa a kowace kusurwa. Amma ko a wannan sanyi, da na tsaya ƙarƙashinsa sai da na ji ƙeya ta ɗau zafi. Mai shagon ya ce da bazara buhu yake shimfiɗawa a kai. Ba mamaki. Rana tsaka tana sauke kusan wat 1,000 a kan kowace murabba'in mita, kuma kwanon da ya bar haske ya wuce ba ya tace zafi. Tagar rufi irin ta Turawa an yi ta ne don ƙasar da ake marmarin rana. Mu abin da muke bukata ɗan kaɗan ne ƙwarai, domin hasken fili da rana tsaka ya ninka abin da ido ke so don karatu sau ɗaruruwa. Kusurwar falle ɗaya ta ishi ɗaki. Kuma mai madara-madara ya fi garai-garai, don yana watsa haske ko'ina maimakon ya sauke shi wuri guda. Mai arha kuwa rana na ƙona shi cikin 'yan shekaru, ya yi ja, ya yi ƙamas, ranar da aka yi iska mai ƙarfi ya tsage.

Da yamma aka kira kafintan unguwar, muka zauna a zaure da Baba. Na ba su labarin Alfredo Moser, wani makanike a garin Uberaba na Brazil, wanda a 2002, lokacin da suke fama da ɗauke wuta, ya cika gorar roba da ruwa, ya ɗiga bilic don kada gansakuka ta fito, ya huda rufi ya zura ta, kashi ɗaya a waje, sauran a cikin ɗaki, ya liƙe gefen. Ruwan na karya hasken rana ya watsa shi, gora ɗaya ta yi hasken ƙwai mai wat 40 zuwa 60, zafin da ke shigowa kuma kaɗan ne tun da hujin ƙarami ne. A 2011 wata gidauniya a Filifin ta ɗauki dabarar ta yaɗa ta a unguwannin talakawa da sunan Liter of Light.

Kafinta ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Malam, huda kwano ba wuya, almakashi ne. Liƙewar ita ce magana. Kwanon nan da rana yana buɗewa, da dare ya tsuke. Duk gam ɗin da ka sa, in ba mai kyau ba ne, damina ɗaya ya saki."

Gaskiyarsa. Dabararsa ita ce a sami guntun kwano mai irin tudun na rufin, a fara kafe gorar a jikinsa a ƙasa, a liƙe sama da ƙasa, sannan a hau a zura gefensa na sama ƙarƙashin fallen da ke bisa, yadda ruwa zai bi ta kai ya wuce. Murfin gorar kuma a rufe shi da guntun tiyo, don rana na farfasa shi. A ɗaki mai silin abin ba ya aiki sai an yi masa maƙogwaro mai ƙyalli daga rufi zuwa silin, irin bututun hasken da aka ƙirƙiro a Ostareliya a shekarun 1980, wanda ya ce zai iya kwaikwayo da fallen alminiyam in an biya shi.

Ɗakin Baba kuwa soro ne, azara da ƙasa. Da na ɗaga kai ina kallon rufin, tun ban yi magana ba ya ce, "Kul! Wannan ba mai taɓa shi." Ban ja ba. Rufin ƙasa da ruwa ya sami kafa ya gama yawo: azara ta jiƙe, gara ta shiga, wata rana ya rufto. Mutanen da suka ga ambaliyar 2022, suka ga yadda ginin ƙasa ke narkewa in ya sha ruwa, ba ka koya musu tsoron yoyo. Shi ya sa ma batirin gidan da kwantirola suke kan wani katako da aka kafe a bango daidai kafaɗa, ba a ƙasa ba.

A ganina, ga soro har ma da yawancin ɗakunan kwana, maganin yana hannun magini ne, ba kafinta ba. Taga mai faɗi amma gajeriya, can sama dab da rufi, da ragar sauro da murfin gilashi ko farar roba. Tana sama, mai wucewa ba ya leƙe. Hasken da ya shigo daga sama ya fi kaiwa ƙuryar ɗaki, zafin da ya taru a sama kuma ya sami hanyar fita. Sai dai a duba wace kusurwa. Gabas ba ta yi ba, don daga nan hadarinmu ke tasowa da iskarsa. Yamma ta fi muni, ranar la'asar ta bazara za ta shigo kai tsaye. Arewa ko kudu, ƙarƙashin leɓen rufi, su ne daidai, tun da a wannan yanki rana kusan bisa kai take wucewa. Sai kuma abin da ya fi komai arha, wanda aka fi rainawa: farar ƙasa. Jar katanga na shanye mafi yawan hasken da ya faɗa mata, fara kuwa na mayar da fiye da kashi 70 cikin ɗari. Matan da ke shafe ɗakin amarya da farar ƙasa ba ado kaɗai suke yi ba. Ko ƙwan sola ma da dare ya fi auki a farin ɗaki.

Inna da ke jin mu daga bayan ƙofa ta aiko jikanta da saƙo, wai in za a yi, a fara da madafa, don can ne ake yanka albasa da lalube. Kafinta ya ce madafa hayaƙi zai baƙanta gorar, sai an riƙa gogewa. Aka dawo da amsa cewa wadda ke goge tukunya kullum gora ba za ta gagare ta ba. Aka tsaya a kan gora biyu, ɗaya a madafa ɗaya a ɗakin shinkafa, ɗakin Inna kuma magini zai fasa taga ta arewa bayan an sayar da albasa. Abokina ya ɗora wa ƙaninsa aikin hawa ya share farantin da ɗanyen tsumma da sassafe, kafin gilashin ya ɗau zafi. Da yaron ya hau washegari, ya rubuta sunansa da yatsa a kan ƙurar kafin ya goge.

Saura ciniki. Baba ya ce rabin kuɗi yanzu, rabi bayan ruwan farko, in bai ga ɗigo ba.

"Haba Baba, ruwan farko sai Yuni fa! Iyalina su ci me kafin nan?"

Aka yi ta ja, har abokina ya raba gardama: ranar da aka gama, yara za su ɗebo bokiti goma daga tafki a sheƙa a kan rufin, Baba na ciki yana kallo. Kafinta ya amince, da sharaɗin ba shi zai ɗebo ruwan ba.